Kafin ka sayi bas ɗin, ka zo mu je tare

Ba abin da ke ɓata min rai a sana'ar nan ta mayar da bas ɗakin kwana kamar mutum ya riga ya biya kuɗin bas, sannan ya turo ta gareji ya ce, "Malam, ga ta nan, a sa min gado da kicin da banɗaki." Wani Alhaji mai gona a hanyar Zariya haka ya yi min. Fenti sai walƙiya, kujeru ko leda ba a cire ba. Na ɗora mayen ƙarfe a jikin motar kusa da taya, ya faɗo ƙasa. Dillali ya cike ramukan tsatsa da foti ya shafe da fenti. Na ce, "Alhaji, ka sayi kwalliya, mota tana can."

Mayen ƙarfen nan daga tsohuwar sifika na ciro shi tun ina yaron shago. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin mu kalli fenti. Guduma zai ba ka ya ce shige ƙarƙashi. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa ƙal, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubo maka a ido. Motocin Beljiyam sun fi wannan ciwo, saboda gishirin da ake watsa wa titi a Turai lokacin ƙanƙara yana cin shasi ta ciki.

Ni dai Toyota Coaster nake ba da shawara, doguwar, mai kusan mita 7. Mutum yana miƙewa tsaye a ciki ba tare da an yanka rufi ba. In an samu mai injin dizal 1HZ, silinda 6, lita 4.2, to an gama. Ba ta da gudu, amma bakaniken ƙauye ma zai taɓa ta, kayanta kuma ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Hiace mai dogon kai ta ishi mutum biyu, banɗaki dai a haƙura. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ko kyauta ce ba na karɓa.

Sai nauyi. Tankin ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, ban da batura da sola a rufi. Masu kwaikwayon aikinmu suna jibge komai a baya, su yi kabad da katako mai kauri, mota ta riƙa rangaji a kwana. Ni tanki ƙasa nake sa shi, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kabad kuma da alminiyam, kowace ƙofa da sakata don kada kwanuka su watse a gargada. Bango sai na cusa masa soso kafin in rufe, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai mayar da ɗakin tanda.

Alhajin nan ya mayar wa dillali motarsa bayan an kai ruwa rana. Ta biyun tare muka je, da gudumata a aljihu.