Ganin likitan ƙwaƙwalwa da laka ta waya, har ina ya isa?

Tun zamanin korona a 2020 aka shiga yayin ganin likita ta bidiyo, a Amurka har sai da gwamnati ta sassauta dokar inshorar Medicare don a riƙa biyan likitoci kuɗin duba marasa lafiya ta waya. To mu nan da yawan likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka bai taka kara ya karya ba, mutum sai ya niƙi gari zuwa Kano ko Shika ko Sakkwato, ai mu ya fi kamata abin ya yi wa rana.

Na gani a kan yayata da aka yi wa aiki a ƙashin baya. Ranar komawa asibiti ka ɗauko mace da ɗanyen ɗinki ka cusa ta a mota, ga ramuka, ga kuɗin mai, a yi sammako a ajiye kati a bi layi, in an shiga likita ya leƙa wurin ya ce Hajiya ya jikin, ƙafar ta daina tsami? shikenan fa, a dawo wata mai zuwa. Wallahi wannan bidiyo kol ya wadatar. Daga baya haka muka riƙa yi, na haska wurin da tocila ya ga bai yi ja ba baya fitar da ruwa, ya ce ta tashi ta taka a kan yatsu, ta sake a kan dunduniya, in dai netwok bai yi halinsa ba komai lafiya lau.

Amma ganin farko kam ban yarda a yi shi ta waya ba. Akwai 'yar gudumar roba da suke buga wa mutum a gwiwa, akwai tsinke da ake taɓa fata a ce kin ji nan? nan fa? sannan ya ce ture hannuna da ƙafarki, ƙarfin nan da hannunsa yake auna shi. Mai ciwon kai kuma sai an leƙa cikin idonsa da na'ura a ga ko jijiyar ta kumbura. Ga shi mutane da yawa lafiyarsu ƙalau amma in ka sa su a MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sai ka ga faifan tsakanin ƙashin baya ya ɗan turo, kenan hoto shi kaɗai baya yanke hukuncin a yi aiki.

Abin da ke ban haushi shi ne masu ɗaga fim ɗin MRI a jikin taga su ɗauka da waya su tura WhatsApp, har da inuwar labule a ciki, wai likita ya faɗi matsalar. Don Allah ku karɓi CD ɗin a wurin da aka yi hoton, shi ke ɗauke da duka hotunan.

In kuwa fitsari ya tsaya ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko yaron da aka sa wa robar janye ruwa a kai ya fara amai da yawan barci, kar a tsaya neman data, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.