Kakakin fada da tarompet ta ƴan fanfar, masu kiɗan fareti

Wai kakaki tarompet ce da ba a gama ƙerawa ba, haka nake jin wasu samari na faɗi, ni kam maganar nan ba ta kwanta mini ba ko kaɗan. Ai duka biyun hanyarsu ɗaya, leɓen mai busa ne ke yin muryar. Algaita tana da ɗan kara a baki wanda ke kaɗawa, su kuwa waɗannan babu, mutum zai matse leɓɓansa cikin ɗan kofin bakin ya turo iska, leɓɓan su yi ta rawa, ƙarfen kuma ya ɗauki wannan rawar ya ƙara mata ƙarfi ya fitar ta faffaɗan bakin gaba. In ka zare kofin ka busa shi kaɗai abin da za ka ji kamar kukan zuma ne kawai.

Sauran aikin na tsawo ne, dogon bututu murya mai kauri, gajere siririya. Kakaki gaɓa-gaɓa ake ƙera shi a harhaɗa, yakan wuce mita 2, ba rami ko guda. Ita tarompet in an miƙe ta kusan mita 1 da rabi ce ta tagulla, lanƙwashe ta aka yi don ta riƙu a hannu, sai fistan 3 a tsakiya, kowane ka danna sai ya buɗe wa iska wata ƴar hanya ta zagaya kafin ta fita, bututun ya ƙara tsawo kenan murya ta sauka. Na tsakiya zagayensa ya fi gajarta, na uku ya fi tsawo, in kana haɗa su tsawo iri 7 kake samu, leɓe kuma ya cike sauran. Wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi rajistar dabarar a 1818, kafin nan tarompet ɗin turawan ma galibi fayau take kamar kakakinmu.

Amma fa fistan akwai son lele, lokacin hunturu a nan Damagaram ƙura ta shige shi sai ya maƙale, dole a zare a goge a ɗiga mai, ga ɗan makullin ƙasa da ake buɗewa a zubar da ruwan numfashi da ya taru.

Kakaki bai buƙaci wannan duka ba don ba waƙar fareti aka yi shi dominta ba. Galibi murya biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa, Hausa kuwa da hawa da sauka ake yinta, to da su mai busa ke jera kirarin sarki, dattawan Birni na jin kalmomin sarai ranar hawan Sallah tun Sarkin Damagaram bai ƙaraso ƙofar fada ba. Ba a busa wa kowa shi sai mai sarauta, kuma ɗaga ƙarfen nan sama kana cika shi da iska cikin rana, ga doki na tafiya, wallahi ba ƙaramin ƙirji yake so ba.