Daga Ina Son Sani Yake Tasowa?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san wasan kacici-kacici da yara suke yi da daddare a tsakar gida, kuma ya san yadda ake yi idan amsa ta gagara. Wanda aka tambaya sai ya ce "na ba ka gari", daga nan a shiga ciniki, a ba mai tambaya Katsina ya ƙi, a ba shi Zariya ya raina, har sai an kai ga garin da ya yi masa kafin ya faɗi amsar. Garin dai na fatar baki ne, amma abin lura shi ne yaro ya yarda ya biya wani abu domin a gaya masa abin da ba zai ci ba, ba zai sha ba, ba kuma zai sayar ba.

A wurin Musulmi asalin maganar a bayyane yake, domin aya ta 78 a cikin Suratun Nahli ta faɗa cewa Allah ya fito da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba, sannan ya sanya mana ji da gani da zukata. An ba mu kayan neman sani, sanin kuwa aka bar mu mu nemo shi. Abin da masu bincike suka yi a shekarun baya shi ne ƙoƙarin gano yadda wannan nema yake aiki a jikin mutum da kuma lokacin da yake somawa.

Yana somawa tun kafin yaro ya iya magana. A shekarar 2015 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Aimee Stahl da Lisa Feigenson, sun nuna wa jarirai 'yan wata 11 wasu abubuwa da aka shirya da dabara, kamar ƙwallon da ya yi kamar ya ratsa bango, ko abin wasan da ya yi kamar ya tsaya a iska ba tare da ya faɗi ba. Da aka miƙa musu kayan, waɗanda suka ga an ratsa bango sai suka riƙa buga abin a kan tebur, waɗanda suka ga ya tsaya a iska kuma suka riƙa sakin sa ya faɗi. Jariran sun fi zaɓar gwajin da ya dace da abin da ya ba su mamaki. Uwar da take fama da yaro mai jefar da cokali sau goma tana ɗauko masa, wataƙila wannan labari zai ɗan rage mata haushi. Ba mutum kaɗai ba ne ma, domin tun a 1950 wani mai bincike ɗan Amurka, Harry Harlow, ya ga birai suna ta fama da kwance wani makulli na sakata da ƙugiya ba tare da an yi musu alkawarin abinci ba.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda wani mai bincike ɗan Amurka, George Loewenstein, ya kawo a 1994. A ganinsa son sani yana tasowa ne idan mutum ya lura da giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son ya sani, kuma giɓin yana damun sa kamar yadda yunwa take damun mai azumi da la'asar. Ma'anar wannan ita ce wanda bai san komai a kan wani abu ba, ba ya jin ƙaiƙayin tambaya, haka ma wanda yake ganin ya san komai. Mai ɗan sani ne yake ƙaguwa. An gwada wannan a 2009 a Kalifoniya, inda aka ba mutane tambayoyi, aka ga sun fi ɗokin jin amsar waɗanda suke da ɗan zato a kansu, kuma sun yarda su kashe 'yan tikitin da aka ba su ko su jira na ɗan lokaci domin a nuna musu amsar, wato dai su ma sun ba da gari. Hotunan ƙwaƙwalwarsu sun nuna cewa sashen da yake motsawa idan mutum yana tsammanin samun lada shi ne ya motsa. Wani binciken na 2014 ya ƙara da cewa abin da aka koya a cikin wannan hali na ɗoki ya fi zama a ƙwaƙwalwa, har ma da abubuwan da mutum ya gani a gefe ba da niyya ba.

Idan haka ne, to sani shi yake haifar da son sani, kuma tarihin Kano ya yarda da hakan. Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ake cewa karofinsu ya kafu tun 1498, sun san cewa zane yana fitowa daga ruwan baba da launi mai kama da kore, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Ba su jira an zo an yi musu bayanin iskar oksijin ba, amma sai da wani ya lura, ya sake tsomawa, ya gwada yawan toka, kafin sana'ar ta tsaya da ƙafarta. A wancan ƙarnin ne kuma Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya karɓi Shehu Maghili, malamin kuwa ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki. Sarkin da ya riga ya iya sarauta shi ne ya san akwai sauran abin da zai tambaya.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke yi da yara a yau. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma yaron da ya yi tambaya uku a jere sai a ce masa ya cika surutu, ko a ɗauki abin a matsayin rashin kunya, alhali tambayar ladabi daban take da tsegumi a kan sirrin mutane. A ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, babu lokacin da za a bar giɓin ya buɗe, sai a rubuta amsa a allo tun ba wanda ya ji ƙaiƙayin tambayar, a ce a haddace. Su waɗannan yaran, idan ka bi su zuwa kasuwar waya ta Farm Centre bayan 'yan shekaru, za ka tarar da wasunsu sun sunkuya a kan wayar da ta ƙi kawo wuta, suna auna layi bayan layi, suna tambayar maigidansu, suna duba bidiyo a intanet, ba kuma wanda ya tilasta musu.