Takardar Nauyin da Na Ƙi Sa wa Hannu

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis da sikeli, na bar aikin tsara lodi da takardun tashi a kamfanin shatar ƙananan jirage da na daɗe ina yi wa aiki a nan Gombe. Abokan aiki sun san dalili, amma yawancinsu ta bakin oga suka ji shi. Ga nawa ɓangaren, kuma na rubuta shi ne domin ƙannenmu da ke fitowa daga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya da takardar shaida a hannu.

Wanda ya saba da filin jirgin Gombe da ke Lawanti yakan ɗauka kowane fili haka yake: doguwar kwalta, hasumiya, rahoton yanayi daga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet), motar kashe gobara a gefe. Filin da muke kai mutane a tsaunukan gabas, wajen iyakar Kamaru, ciyawa ce gajera mai gangara. Kana hawa za ka sauka, kana gangarowa za ka tashi, ko daga ina iska take busowa. Tsayinsa daga teku ya kai kusan ƙafa 5,000. A irin wannan tsayi ma'aunin da ake lissafin jirage da shi yana sa ran zafi ya tsaya wajen digiri 5, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ƙara wa jirgi kimanin ƙafa 120 a abin da yake ji. Idan rana ta take zafi ya kai 30, inji da farfela da fukafukai suna aiki ne kamar a ƙafa 8,000. Iska ta yi sirara, gudu ya tsawaita. Ƙara nauyi da kashi 10 cikin ɗari, gudun tashi ya ƙaru da kusan kashi 20. Jiƙaƙƙiyar ciyawa takan ci kusan kashi 30. Kuma waɗannan ninka juna suke yi.

Oga lamba ɗaya ya sani a duk wannan: jirginmu, Cessna Caravan, na iya tashi da jimillar nauyi ƙasa kaɗan da tan 4, har da nauyin jirgin kansa. Ya haddace ta, da ita yake cinikin shata, da ita yake rufe bakin kowa.

A daminar da abin ya faru mun kai wani babban mutum da tawagarsa biki. Da safe muka sauka lafiya. An shirya tashi ƙarfe goma sha ɗaya, amma ciye-ciye da gaishe-gaishe suka kai mu bayan azahar. Da motoci suka iso fili, sai ga mutum biyu ƙari, ga tsaraba: buhunan dankali, kwandunan fiya, katan-katan na ganyen shayi, jarkokin zuma. Na rataye sikelina a reshen bishiya na auna su ɗaya bayan ɗaya, masu kaya suna kallona kamar na zarge su da sata. An kwana ana ruwa, takalmina yana nutsewa a ƙasan filin. Yadin da ke nuna iska ya yage tuntuni, sai hayaƙin murhun maigadi nake kallo, kuma hayaƙin ya juya yana bin gangara, domin hadari ya fara haɗowa ta bayan dutse. Wato iska za ta turo mu daga baya. Dattijon maigadin ma ya ce min, "Ɗana, yau ƙasar nan ta sha ruwa, ko shanu santsi suke yi a can ƙasa."

Nauyinmu bai wuce lambar oga ba. Amma da na buɗe jadawalin jirgin na sa zafi da ciyawa da iska, filin bai isa ba. Na nuna wa kyaftin, wato matuƙin jirgin. Matashi ne mai hankali, aikinsa na kwantiragi ne, yana tara awoyin da zai nemi babban kamfani da su. Ya duba ya ce gaskiya ne. Shawararmu ita ce a bar kaya da mutum biyun su bi mota, ko a kwana a tashi da sanyin asuba.

Wani cikin tawagar ya hau tudun da ake samun sabis ya kira oga, aka miƙo min waya. Na ce, "Yallaɓai, lissafi bai ba mu ba." Ya ce, "Kai ne matuƙin? Tashar mota ka ɗauki wurin nan da za ka tsaya kana sauke wa mutane kaya? Ka san ko waye ka tsayar a rana?" Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce in ba kyaftin. Ban ji abin da ya faɗa masa ba, na dai ga fuskar yaron ta sauya, yana ta "To, yallaɓai." Maganin da oga ya kawo shi ne ni in sauka in biyo mota, nauyina ya ragu, kaya su shiga.

Ina tsaye kusa da maigadi jirgin ya fara gudu. Tayoyi suna watsa taɓo, hanci ya ƙi ɗagawa a inda ya saba. Da ya wuce rabin fili kyaftin ya janye wuta ya juya farfela ya taka birki, amma birki a jiƙaƙƙiyar ciyawa kan gangara ba ya kamawa. Jirgin ya zame ya wuce ƙarshen fili ya faɗa kwari, ƙafar gaba ta karye, farfela ta lanƙwashe. Allah ya kiyaye, babu rai, mutum ɗaya ya samu karaya a kafaɗa. Har gobe ina ganin janye wutar nan ce ta ceci mutanen, domin da ya matsa ya fizgi jirgin sama da ƙarfi, ramin da ke gaba ba ya mayar da kowa.

Da na iso Gombe a gajiye, takardar tuhuma ce ta tarbe ni. Laifina: na bar jirgi ya tashi ba tare da cikakkiyar takardar nauyi ba, kuma na ci mutuncin abokin ciniki. Aka yanke min albashi, aka mayar da ni lissafin man jirgi. Kyaftin ba a sabunta kwantiraginsa ba. Wayar da oga ya buga ba ta fito a kowane rahoton kamfani ba. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya (ICAO) ta ce manufar binciken hatsari ita ce hana aukuwar wani, ba neman mai laifi ba. A cikin gida kuwa mai laifi kawai aka nema, kuma aka duba ƙasa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk mun san tarihi. A Lukla ta ƙasar Nefal, titin mita 527 ne, a tsayin da ya haura mita 2,800, dutse a gaba, rami a baya. A Oktoban 2008 jirgin Twin Otter ya shigo cikin hazo ya bugi bakin filin, mutum 18 suka mutu, matuƙi kaɗai ya tsira. A gida, Satumban 2006, jirgin Dornier na sojan sama da ke ɗauke da manyan hafsoshi zuwa Obudu ya bugi tsauni a Binuwai, mutum 13 suka rasu. A Maris 2008 wani Beechcraft 1900 ya nufi filin Bebi da ke kusa da Obudu ya ɓace, sai bayan watanni aka gano tarkacensa a cikin duwatsu. A Oktoban 2012 marigayi Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya faɗi da irin Caravan ɗinmu kusa da Yola, kuma masu bincike sun ambaci tuƙi da dogaro ga ganin ido kawai bayan faɗuwar rana. Oga da kansa yakan kawo waɗannan misalai a taron ma'aikata.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Kada ka yarda da "ai ba nauyi" daga bakin fasinja, auna. A tsauni ka tashi da safe, gajimare da iska na rana ne. Da hunturu, hazo yakan ɓoye dutse alhali kana ganin rana a samanka. Ka girmama maigadin fili, ya fi kowace na'ura sanin ƙasarsa. Ka tsaya tare da matuƙi a gaban fasinja, musamman ƙarami, domin shi kaɗai ba ya iya ce wa mai kuɗi a'a. Duk takardar da ka cika ka ɗauki hotonta a wayarka kafin ta bar hannunka.

Hoton tawa yana nan, da lissafin, da gurbin sa hannu babu komai. Na haɗa shi da wasiƙar ajiye aiki, na kuma aika wa kyaftin kwafi, domin yana neman aiki a wani wuri kuma za su tambaye shi. Albashin da aka yanke min har yau ba a mayar ba, kuma zan ci gaba da nemansa.