Karayar wuyan hannu, daga ɗakin hoton ƙashi

Tun da na fara aikin ɗaukar hoton ƙashi a Kano, babu gaɓar da take yawan hawa teburina kamar wuyan hannu. Masu kawo shi kala biyu ne, tun daga bakin ƙofa nake gane su. Akwai saurayi ko magidancin da babur ya kayar, riga a yage, gwiwar hannu duk ƙujewa. Akwai kuma dattijuwar da ta haura hamsin, 'yarta ko jikanta na biye da ita, ta tallabe hannun da ɗaya hannun a ƙarƙashin mayafi. Na farkon babu abin mamaki a lamarinsa, gudu ne ya haɗu da kwalta. Ta biyun ce take damuna.

"Hajiya, garin yaya?"

"Wallahi ɗan nan ba wani abu ba ne. Alwala na je yi, santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa. Tsautsayi ne kawai."

Amsar ke nan kusan kullum, sai dai wurin ya canja: bakin famfo, ƙofar banɗaki, dokin ƙofa, ko zani ya harɗe ta. Idan mutum zai faɗi, hannu ne yake fara kai wa ƙasa ba tare da ya yi shawara ba, sai nauyin jiki duka ya sauka a kan tafin. Ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma na ɓangaren babban yatsa shi ne yake ɗaukar mafi yawan nauyin. Shi yake karyewa, kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu sama da mahaɗar, guntun ya ture baya, hannun ya lanƙwashe kamar wuyan cokali mai yatsu. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Abraham Kolis, shi ya bayyana wannan karaya a Dabilin a 1814, har yau da sunansa ake kiranta. Da ido da lalube ya gano ta, domin hoton ƙashi da nake cin abinci da shi sai a 1895 aka gano shi.

Amma fa ƙashi mai lafiya bai kamata ya karye don mutum ya faɗi daga tsaye ba. Wannan Hajiyar sau nawa ta faɗi tana budurwa, da tulu a ka ma, ta tashi ta kaɗe zani? Abin da ya canja shi ne ƙashin. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin da yake riƙe mata ƙarfin ƙashi yana raguwa, ƙashin ya dinga zaizayewa daga ciki, musamman a shekarun farko. Ba ciwo, ba alama. A hoto nakan ga bambancin: na saurayin fari tas, gefensa mai kauri, nata kuma dishi-dishi, gefen ya siranta.

Turawa sun daɗe suna ƙirga wannan karaya, kuma ƙidayarsu tana da abin lura. A Edinbara ta Sikotilan, da aka lissafa duk karayar manya da aka gani a shekarar 2000, ta wuyan hannu ce ta zo ta ɗaya, kusan 17 cikin kowace 100. A Malmo ta ƙasar Suwidin an kwatanta shekarun 1950 da farkon shekarun 1980, aka tarar ta kusa ninkawa, kuma yawan tsofaffi kaɗai bai isa ya bayyana hakan ba, domin ko a cikin sa'o'in juna ta ƙaru. A Rocesta ta jihar Minesota a Amurka an bi ta daga 1945 zuwa 1994, nan ma ta hau, sai dai hawan bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Oslo ta ƙasar Norwe tana cikin wuraren da suka fi kowa yawanta a duniya, kuma da hunturu abin ya fi ƙamari saboda ƙanƙarar da take daskarewa a hanya. Daga baya hawan ya tsaya a ƙasashen arewacin Turai, a wasu wuraren ma ya ɗan sauka. Masana sun danganta hawan da sauyin rayuwa, raguwar aikin ƙarfi, zama a mota da ofis, da shan taba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne yawan wannan karaya ba abu ne tsayayye ba. Yana bin yadda mutane suke rayuwa.

Mu fa? Akwai binciken da aka wallafa a 1991 wanda ya kwatanta Ibadan da Ingila, ya nuna karayar wuyan hannu da ta kwatangwalo sun yi ƙaranci ƙwarai a Ibadan. Rabin maganar na yarda da ita, domin an sha aunawa an ga baƙar fata, a jimlace, ya fi Bature kaurin ƙashi. Ɗaya rabin kuwa ina da ja. Asibiti wanda ya shigo yake ƙirgawa. A unguwarmu idan tsohuwa ta karye, ba Asibitin Ƙashi na Dala ake fara tunawa ba, mai ɗori ake aika yaro ya kira. Ya ja hannun, ya shafa magani, ya jera kara, ya ɗaure da tsumma, ya yi addu'a. Wannan hannun bai shiga littafin kowa ba. Da yawa ma targaɗe ake cewa, sai bayan wata biyu a kawo mini shi ya riga ya haɗe a karkace.

Kuma Kanon yau ba ta 1991 ba ce. Iyayenmu mata da suka tashi da daka da surfe da jan guga, yanzu inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa, 'ya'ya sun ce su huta. Hutun da kyakkyawar niyya aka ba su, amma ƙashi aiki yake so, idan ba a ɗora masa nauyi ba sai ya saki. Sannan ga tayil. Duk wanda Allah ya buɗa wa, abin da zai fara yi wa mahaifiyarsa shi ne ya fasa daɓen ɗakinta ya shimfiɗa tayil mai sheƙi har banɗaki, inda take alwalar asuba cikin duhu in babu wuta, da silifas ɗin da ƙasansa ya cinye. Ni dai a ɗakina, tsofaffin da tayil ya kayar sun fi yawa yanzu fiye da lokacin da na fara aiki. Ta ɓangaren samari, na ga zamanin da acaɓa ya cika mana layi, na kuma ga sauƙin da aka samu bayan gwamnatin Kano ta hana haya da babur a 2013, ko da yake masu babur na kansu ba su daina faɗuwa ba.

Ba na cikin masu zagin masu ɗori gaba ɗaya. Karayar da ba ta goce ba, ko me aka tallafe ta da shi za ta haɗe cikin mako shida ko makamancin haka, shi ya sa sunansu yake tashi. Matsalar tana wurin ɗauri. Hannun da ya karye kumbura yake yi, idan aka tamke shi jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi, su mutu, su fara baƙi. Hannaye da dama an yanke su saboda haka, ba saboda karayar ba. Duk wanda aka ɗaure wa hannu, da kara ne ko da simintin asibiti, idan zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu sun ƙi motsi, a kwance a tafi asibiti a daren. Zobe da awarwaro kuma a cire su tun kafin kumburi ya riƙe su. Na sha ganin ana yanka zoben zinare Hajiya tana salati.

Aikin asibitin ma ya canja. Daga wajajen 2000 sa farantin ƙarfe da kusoshi ya yaɗu a duniya, har ya zama kamar ado. Sai wani babban gwaji da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2014, ya nuna siraran wayoyin ƙarfe masu araha suna ba da sakamako daidai da farantin ga mafi yawan masu irin wannan karaya. Ga tsofaffi kuma, sau da yawa gyara da siminti sun wadatar. Don haka wanda likita bai ce a sa wa mahaifiyarsa ƙarfe ba, kada ya ɗauka an raina aljihunsa.

Abin da ba a yi, a wurin mai ɗori da kuma a yawancin asibitoci, shi ne tambayar dalilin da ya sa ƙashin ya karye. A ɗaure, a kwance, a tura gashin ƙashi, shi ke nan. Alhali macen da ta karye a wuyan hannu daga faɗuwar tsaye, haɗarin ta sake karyewa ya kai kusan ninki biyu na wadda ba ta taɓa ba. A shekara sittin hannu yana riga jiki isa ƙasa. A tamanin ba ya riga shi, sai ta faɗi a kan kwatangwalo, wannan kuwa ita ce karayar da take kwantar da tsofaffi har wasu ba sa tashi. Tsakanin biyun akwai shekaru masu yawa da za a iya yin wani abu. Akwai na'urar auna kaurin ƙashi, ko da yake ba ko'ina ake samunta ba, akwai kuma magungunan da suke rage zaizayewar. Abincinmu na tuwo da miya yana da ƙarancin kalsiyam, sinadarin da yake gina ƙashi, har bincike a Jos ya nuna rashinsa ne yake gwame ƙafafun yara da yawa. Nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya suna cike gurbin. A duba mata ido, a duba ko maganin hawan jini yana sa ta jiri, a sa tabarmar roba da fitila mai caji a banɗaki, a bar ta ta yi shararta in tana so.

Akwai kuma wasu da suka fara zuwa mini da wuri, mata 'yan talatin da arba'in, fuska a cike, ƙashi a hoto kamar na tsohuwa. In na tambaya a hankali, sai ka ji ana shan ƙwayoyin ƙiba, irin su sha-ka-fashe, ko wani haɗin ciwon gaɓɓai da ake saya a kemis shekara da shekaru. Da yawansu akwai dekzametason, wani maganin rage kumburi, ko danginsa a ciki, kuma yana cin ƙashi ga mace da namiji. Ba a yanke shi lokaci guda, likita ne yake rage shi a hankali, don haka idan za a je ganin likita a tafi da kwalin ko ledar maganin ya gani da idonsa.