Asabar, ni da James Baldwin

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba, mura ta danne ni. Ƙanwata ce ta turo min bidiyon muhawarar da James Baldwin, marubuci baƙar fatar Amurka, ya yi da William Buckley, wani marubuci farar fata ɗan ra'ayin riƙau, a Cambridge ta Ingila a 1965, wai Yaya kalli yadda bawan Allahn nan yake magana. Ina fara kallo na ce kai wannan ai mai wa'azi ne, yadda yake jan magana a hankali sannan ya sauke ta a kan mutum. Shi kenan na shiga bin labarinsa tun azahar har aka kira magariba, data ta sha wuya.

Ashe kuwa wa'azin ya yi da gaske. A Harlem ta New York aka haife shi a 1924, su tara ne shi ne babba, mijin uwarsa kuma mai wa'azi ne mai zafin tsiya. Yana shekara 14 ya fara hawa mimbari a coci, wajen shekara uku ya bari, amma ni dai a ganina cocin kawai ya bari, muryar ta bi shi har cikin rubutu. A 1948 wariyar launin fata ta ishe shi ya tattara ya tafi Paris da dala 40 a aljihu, dala 40 fa! Littafinsa na farko Go Tell It on the Mountain ya fito a 1953, a wani ƙauyen Siwizalan ya ƙarasa shi, kuma labarin yaro ne ɗan gidan mai wa'azi a Harlem.

Wasannin kwaikwayonsa su suka fi tsaya min a rai. The Amen Corner a kan wata mata ce mai jagorancin ƙaramar coci, ɗanta kuma kiɗa yake so kamar ubansa, an fara yinsa a jami'ar Howard a 1955 amma sai 1965 ya samu shiga Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo a New York. Blues for Mister Charlie kuma na 1964 ne, ya ɗauko shi daga kisan Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da fararen fata suka kashe a Mississippi a 1955. Nan sai da na ajiye wayar tukun.

Ya rasu a kudancin Faransa a 1987. Wai ashe ma sun haɗu da Chinua Achebe a wani taro a Florida a 1980, na gaya wa Baba da ya shigo duba ni, ya ce to madalla, ka sha maganin dai?