Yoyon Baƙin Mai a Famfon Birkin Motar Dizal: Ku Gano Tushen Kafin Ku Ɗauki Sifana

Ƙannena masu koyon kanikanci, kuskuren da ya fi cin kuɗi a wannan aiki shi ne a ga famfon bakum, wato famfon da ke zuƙe iska don taimaka wa birki, ya jiƙe da baƙin mai a yanke masa hukunci nan take. Sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Mai yana gangarowa ne daga sama, iskar fanka kuma tana kora shi baya, don haka inda ya taru ba lallai ne nan ya fito ba.

Injin fetur yana samun zuƙar iska a manifol ɗinsa, ita ce na'urar ƙara wa birki ƙarfi, wadda muke kira sabo (servo), ke amfani da ita ta sauƙaƙa taka feda. Injin dizal ba ya samar da isasshiya, shi ya sa aka ba shi famfo na musamman. Famfon nan da man inji yake rayuwa: man ne ke shafe fukafukan cikinsa, shi ne kuma ke toshe 'yan ramukan da iska za ta iya kutsawa. A wasu injina yana manne a ƙarshen kamshaf, a wasu giya ce ke juya shi, a tsofaffi irin 4D56 na Mitsubishi kuwa yana bayan altaneta, da siririn bututun kawo mai da tiyon mayar da shi kasko. Kowane iri da inda yake yoyo.

Fara da wanki. A wanke famfon da kewayensa, har murfin saman inji da bututun man tabo idan suna kusa, a bar wurin ya bushe ƙayau. Sai a barbaɗa farar hoda, a tayar da mota ta yi minti 10 zuwa 15, ana ɗan ƙara mata wuta lokaci-lokaci. A haska da tocila a nemi wuri mafi tsayi da hodar ta fara yin baƙi. Idan layin ya faro daga can sama da famfon, gasket ɗin murfin inji ne, ku bar famfo ya huta. Idan daga tsakanin famfon da jikin inji ne, zoben roba ko gasket ɗin mazauninsa ya bushe ya taurare. Idan daga murfin famfon kansa ne, akwai wani zoben a ciki. Na bayan altaneta kuwa, a duba wosha biyu na jan ƙarfe da ke kan notin bututun mai, da tiyon mayarwa wanda zafi ke tsattsagawa daidai bakin kilif. Man da ke fitowa ta ramukan altaneta yana nufin sil ɗin da ke tsakaninsu ya tafi, kuma matsalar caji za ta biyo baya.

Ku tabbatar ma wane ruwa ne. A ɗiga shi cikin ruwa: man birki yana gauraya da ruwa, baƙin mai yana tasowa sama. A injinan Volkswagen masu famfo biyu a haɗe, na dizal da na bakum a jiki ɗaya, abin da ke ɗiga zai iya zama dizal ne. Hanci zai gaya muku.

Yoyon waje ƙazanta ne da asarar mai. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na ciki, wanda ba ya ɗiga a ƙasa. A bakin famfon ko a kan tiyon da ya nufi sabo akwai bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Idan ya lalace, da an kashe mota sai zuƙar da ta rage cikin sabo ta janyo mai ta baya. Baƙin mai yana kumbura robar cikin sabo har ta yage, ranar nan feda ta yi tauri kamar dutse, direba ya taka da dukkan ƙarfinsa mota ta ƙi tsayawa a kan lokaci. Saboda haka kullum a zare tiyon ta ɓangaren sabo a leƙa. Ɗan danshi kusa da famfo ba abin tayar da hankali ba ne, amma mai kwance a ƙarshen tiyo yana nufin bawul da tiyo sun tashi aiki, sabon ma sai an bincika shi. Gwajin bawul ba wuya: a hura ta gefe ɗaya iska ta wuce, ta ɗaya gefen ta ƙi.

Sannan a auna ƙarfin famfon. Lafiyayye, idan inji na aiki ba a taka totur ba, zuƙarsa a geji tana kai wajen 0.7 zuwa 0.9 na ma'aunin bar cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma idan an kashe inji allurar geji ba ta faɗuwa nan da nan. In babu geji, a kashe mota, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe shi a tayar da inji. Ya kamata feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa.

Akwai abin da matasa ke yawan tsallakewa: numfashin inji. Iskar da famfon ya zuƙo cikin inji yake zubar da ita. Idan tiyon numfashi ya toshe, ko ringin fistan ya cinye hayaƙi na cika kasko, matsin zai tura mai ta kowane sil mai rauni. Ka sa sabon zobe yau, bayan mako biyu mai mota ya dawo ransa a ɓace.

Wajen ɗaurawa, ku yi nesa da gam. Ramin da ke kai wa famfon mai ƙarami ne ƙwarai, ɗan guntun gam ya isa ya toshe shi, famfo ya bushe ya cije, ya karya haƙorin da ke juya shi, wani lokaci har ya taɓa kamshaf ko sarƙar taimin. A sa sabon zobe da aka shafa wa mai, sababbin wosha, a zuba ɗan mai cikin famfon a juya shi da hannu, a daidaita haƙorinsa da ramin kamshaf ya zauna da kansa, kada a ja shi da noti. Ƙananan notin M6 ba sa wuce ɗaurin wajen 10 Nm a sifana mai awon ƙarfi, kuma jikin alminiyom ba ya yafe ƙarin ƙarfi. Idan altaneta za a sauke, a fara cire kan batir. Bel ɗin da ya sha mai kuwa a canza shi, wanki ba ya dawo da shi.